Sallamar da Jatau Bai Yi Ba

Dalilin da ya sa tururuwa ke riga kowa isa duk inda aka tone ƙasa, ku gyara zama ku ji shi da kyau, don kada in sake jin wani ya ce kwaɗayi ne ke kawo su.

A da can tururuwa ba sa yawo. Garinsu ɗaya ne, a ƙarƙashin wani fako gabas da wani ƙauye. Masu haƙar rijiya kuwa suna da ƙa'ida. Kafin a kafa dagi, sai a bugi ƙasa sau uku, a yi sallama, a bar wurin kwana uku, don na ƙasa su kwashe 'ya'yansu.

Jatau mai rijiya ya san wannan sarai, a hannun ubansa ya koya. Amma rijiyar gari ta ƙafe, mai gari na ta aiko masa. Jatau ya ce, "Kwana uku saboda ƙwari?" Ya kafa dagi a fakon nan ba sallama.

Ranar ya fitar da jar ƙasa kwando bakwai. Shida ya tara a bakin rami. Na bakwai matarsa Tabawa ta ɗauke, ta zuba a ɗakinsu, ta yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ta daɓe shi da madaɓi har ya yi sulɓi.

Kashegari da tsakar rana, Jatau yana cikin rami, sai ya ji tsuntsaye sun yi tsit. Wata siririyar murya ta fito daga bangon ramin, dab da kunnensa.

"Sannu da aiki, mai rijiya. Shigowa ba sallama?"

Ya waiga, ya ga wata tsohuwar tururuwa, bayanta kuma bango ya yi baƙi ƙirin da jama'arta, ba mai motsi.

Jatau ya ce, "Kaka, a yi haƙuri. Ƙishirwa ce ta kori hankali."

Ta ce, "Haƙuri ba ya goya ɗa. Mun tankaɗe tulin ƙasar da ka fitar, mun sami 'ya'yanmu duka, sai autata. Kwando nawa ka fitar?"

Jatau ya tuna ƙarar madaɓin Tabawa. In ya faɗi gaskiya, sai a fasa daɓe, gari ya ji ya karya ƙa'ida, ba mai ƙara kiransa aiki. Kuma yana tsoron abin da za a tarar a ƙasan daɓen.

Ya ce, "Shida."

Tsohuwa ta ce, "To. Tunda kai ka ɗauke ta, a ƙasar da hannunka ya taɓa take. Za mu bi."

Suka kuwa bi. In Jatau ya yi kunya a gona, kafin ya kai ƙarshenta sun jeru a farkonta. In ya haƙa ramin shuka, sun riga irin shiga. Ba sa cizo, ba sa magana. Sai su ɗaga ƙwayar ƙasa ɗaya ɗaya, su duba ƙarƙashinta, su ajiye. Daɓen ne kaɗai ba su shiga ba, don ba hannunsa ya daɓe shi ba.

Wata rana Tabawa ta ce, "Maigida, kai ma kana jin abin nan da ke ƙwanƙwasa ƙasan tabarma in rana ta take?"

Ya ce, "Kunnenki ne."

Shekara talatin yana jin ƙwanƙwasar nan. Kalma ɗaya ta isa ta raba shi da ita, ya ƙi furtawa. Wannan ba mantuwa ba ce, yara, zalunci ne.

Ranar da ya rasu, masu haƙa suka gama kabari suka koma ɗauko gawa. Da suka iso, sai suka tarar cikin kabarin ya yi baƙi ƙirin. Tururuwa sun jeru sahu sahu suna jira, ko yau zai faɗa.

Bai faɗa ba. Ɗakin ya rushe, ƙauyen ya tashi, ba wanda ya san inda daɓen yake.

Shi ya sa har yau, ko sabuwar gona aka sheme, ko rijiya aka tona, ko kabari, kafin ciyawa ta tsiro tururuwa sun iso, suna ɗaga ƙasa ƙwaya ƙwaya. Kada ku taka su. Auta suke nema, kuma har yanzu ba wanda ya ba su amsa.