Gwiwar Jatau da Tsuntsayen Ladingo

"Ku matso kan tabarma, 'yan jikoki. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani mutum ne ana ce masa Jatau, da matarsa Ladingo. Shi Jatau yana da gwiwa. Kai Sallau, rufe min baki, na san kowa na da gwiwa, amma tasa daban ce. In za a yi ruwa sai ta kama ciwo. Duk ƙauyen da ita suke duba hadari.

Ita kuwa Ladingo, in bazara ta yi zafi, kullum sai ta cika kasko da ruwa ta ajiye wa tsuntsaye a gindin rumbu.

Ran nan Jatau ya shafa gwiwa, ya ji ta lafiya lau. Sai ya ce, "Saura kwana goma ruwa ya sauko." Sai ya kira maza suka sauke jinkar rumbu, don rana ta kori ƙwari daga hatsi. Irin shukar bana kuwa duk yana ciki. In ya jiƙe ya ruɓe, bana ba shuka.

Da hantsi sai ga Tsattsewa tana shawagi ƙasa-ƙasa, har tana sharar ƙura da fiffike.

Ladingo ta ce, "Ke kuwa lafiya, yau kin bar sama?"

Tsattsewa ta ce, "Inna, iska ta yi nauyi, ƙwarin da nake ci duk sun sauko. Rufe rumbunki."

Sai Ladingo ta ruga ƙofar gida, inda Jatau yake tufkar igiya. "Maigida, ruwa na tafe!"

Ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe ta. Ya ce, "Ba ta ce ba."

Da rana ta take, sai ga Kurciya. Ko kuka ba ta yi, sai tsattsagar tsaba take kamar wadda ta kwana uku da yunwa.

"Kurciya, ci a hankali mana, kar ki shaƙe."

"Inna, kunnena ya toshe tun safe. In ya yi haka sai in cika ciki in nemi kogo. Rufe rumbunki."

Sai Ladingo ta sake rugawa. Jatau ya ɗaga kai, sama tas ko ɗigon girgije babu. Ya bubbuga gwiwa ya ce, "Ba ta ce ba. Tsuntsu zai koya min ruwa?" Ya saɓi gatari, ya bi maza sharar gona.

Da azahar sai ga Belbela da 'yan uwanta daga gabas, farare fat, sun baro shanu tun lokacin tashi bai yi ba.

"Belbela, wa ya koro ku?"

"Inna, rugugi muke ji can nesa, wanda kunnenku ba ya kamawa. Babba ne, da iska. Rufe rumbunki!"

Ladingo ta leƙa waje. Maza sun yi nisa, jinka kuwa sai ƙarti shida ke ɗaga ta. Sai ta ɗauki faranti ta dinga bugawa da muciya. Mata suka fito, wata da kumfar sabulu a hannu, wata da goyo. Suka ci ɗamara, suka kama. Ɗaya, biyu, sai ga jinka a kan rumbu, a karkace kamar hular maroƙi. Suka ɗaure ta tamau da igiyar da Jatau ya tufka, suna ta ƙyalƙyala dariya.

Suna gama ƙulli sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta taso. Ruwa ya kece!

Sai ga Jatau a guje, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu, yana ihu, "Wayyo irina! Wayyo irina!" Ya shigo ya ga rumbu a rufe. Daɗi ya kama shi har da ƙwalla. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka fito rawa cikin ruwan fari, ƙasa sai ƙamshi take.

Can da ruwa ya ɗauke, kowa ya koma ɗaki, sai Jatau ya dafe gwiwa ya ce, "Wash! Ladingo, ta ce za a yi ruwa."

Ladingo ta ce, "Sannunta da ƙoƙari, Maigida. Ka gaya mata har an yi an gama."

Da asuba suka fita shuka. Kafin su tafi, Jatau da kansa ya cika kaskon tsuntsaye.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya faɗa kasko. In kun ga tsuntsu ya sauya hali, ku kwashe shanya, kar ku tsaya tambayar gwiwa. Kai kuma Sallau, gwafar nan taka da kake harbin kurciya, gobe in gan ta a murhu.