Tsinke Biyu da Kofunan Sayo

Dalilin da ya sa mutanen Japan ke cin abinci da tsinke biyu a 'yan ƙananan kwanuka, ku matso ku ji. Sau ɗaya zan faɗa, bayana ciwo yake yi.

A da can su ma da hannu suke ci, a ƙaton akushi. A wani ƙauye na bakin teku akwai wani masunci, Mosuke, wanda ba ya tashi sai ya ga gindin akushi. Ya yi ƙiba har kwalekwalensa ya fara shan ruwa. In ya ja taru sai ya dafe ƙirji yana haki. Irin hakin nan ne ya kashe wansa, kuma matarsa Sayo ba ta manta ba.

"Maigida, ka rage mana," in ji ta. "Zuciyar nan ba jaki ba ce."

"Namiji ba ya barin saura," in ji shi.

Ta yi magiya, ta yi faɗa, duk a banza. Ga girki, ga jan taru da ya koma kanta.

Wata rana don tsabar gajiya akushin ya suɓuce mata, ya rabe biyu. Ba ta da ƙarfin zuwa kasuwa. Ta ɗauko kofunan shayi, ta zuba shinkafa a wannan, kifi a wancan, ganye da romo a sauran.

Mosuke ya kai hannu, hannu ya ƙi shiga.

"Da me zan ci?"

"Da abin da ka samu. Ni na gaji."

Ya fere tsinke biyu daga gora. Lomar ba ta fi kan yatsa ba. Ya yi ta tsinta yana ƙunƙuni har muƙamuƙinsa ya gaji. Ciki bai cika ba, amma yunwa ta tafi.

Sayo ba ta sake sayen akushi ba. Tumbi ya saɓe, haki ya tafi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya.

Mosuke ya tsufa tukuf. Sayo kuwa, wadda wahala ta riga ta cinye, ita ta riga shi tafiya. Wannan wurin ne ba na son faɗa. In jikoki suka ce ya ƙara abinci, sai ya rufe kofinsa da tafin hannu.

"Kakarku ce ta auna mini," yake cewa. "Ba mai ƙarawa."

Shi ya sa har yau mutanen can ke ajiye tsinke tun da sauran wuri a cikinsu, kuma tsofaffinsu ke daɗewa, wasu ma fiye da yadda suka so.