Kunkuru da Tsohuwar Kyamarar Shamuwa

Ga ta nan ta zo muku.

Ta iso, muna ji.

Da damina ta ƙare, Shamuwa ta tashi tafiya kudu, ta bar wa amininta Kunkuru tsohuwar kyamararta. Ta ce, "Ka jona ta da kwamfutarka, mu riƙa ganin juna."

To, kwamfutar Kunkuru ba ta da babbar manhaja, wadda ke tafiyar da komai. Ya je wurin Ɗawisu.

Ɗawisu ya ce, "Tawa akwai tsada, amma ɓarawo ba ya shiga." Ya dubi kyamarar, ya yatsine fuska. "Wannan tsohuwar ma ba za ta shiga ba."

Gizo ya ce, "Tawa araha ce, Malam Kunkuru, duk abin da ya zo sai ta karɓa!"

Kunkuru ya ce, "Har ɓarawo?"

Gizo ya sosa ƙeya.

Tururuwa suka ce, "Tamu kyauta ce, ga sakata a ƙofa. Amma sai ka yi haƙuri kafin ta gane kyamarar nan."

Kunkuru ya ɗauki tasu. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, kullum yana gaban allo baƙi ƙirin, yana gyara, yana cewa, "Ko tana ina yanzu? Ko ta manta da ni?"

Ran nan hadari ya haɗo, sai allo ya kawo haske. Ga fuskarsa, ga Shamuwa tsaye a bayansa, ƙafafunta duk laka.

Ta ce, "Sai yau ta kama?"

Ya daɗe bai waiwaya ba, don tsoron kada ya juya ya tarar babu kowa.

Ƙurunƙus, a kan ɗan kusu na sauke ta.