Tsutsa da Taubashinta Wake

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu a buɗe yake.

Tsutsa ce, autar Ƙwaruwa mai huda wake, ta tashi ta gan ta a cikin ƙwayar wake, ba ƙofa ba taga. Shi kuwa Wake taubashinta ne, ga rowar tsiya. Da ya ji ana ƙwaƙular sa daga ciki, sai ya barbaɗa wani ɗaci mai hana abinci narkewa.

Tsutsa ta ci, abinci ya tsaya mata kamar tsakuwa. Ta rame, ta koma kamar zare.

Wake ya ce, "Taubashiya, yaya tuwon namu?"

Ta ce, "Bai nuna ba."

Uwarta ta manna baki a jikin ɓawo daga waje, ta ce, "Auta, matan gidan nan in wake ya ƙi dahuwa kanwa suke jefa masa. Ke ma akwai taki kanwar a cikinki, sake jiƙo."

Tsutsa ta yi lamo, cikinta ya haɗa sabon ruwan narkarwa wanda ɗacin bai san da shi ba. Abinci ya narke, ta yi ɓul-ɓul.

Wake ya ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Kai mana. Da ba ka yi rowa ba, da ban iya girki ba."

Da ta yi fiffike sai ta huda ta fita. 'Yar ƙofar nan da kuke gani in kuna tsintar wake, ita ta bar ta a buɗe, don 'ya'yanta su riƙa zuwa gaishe shi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, wanda ya yi gyangyaɗi shi zai tsince waken gobe.