Injin da Bartholomew Ya Bari

Akwai wani injiniya mazaunin Birmingham, sunansa Jabez. Tun ranar da aka binne yayansa Bartholomew a Manchester bai zubar da ɗigon hawaye ba. Yana ci, yana zuwa aiki, yana amsa ta'aziyya, amma cikinsa shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Marigayin ya bar wata 'yar ƙaramar mota a garejin Malam Halliru, wani tsohon bakanike a unguwar Ardwick ta Manchester. Shekara uku Bartholomew yana haɗa injinta da hannunsa, kowace Asabar. Abu ɗaya ya rage, cam gear da ya saya bai kai ga ɗaurawa ba. Ga wanda bai sani ba, wani faifan ƙarfe ne mai haƙora da ake matsarwa gaba ko baya don sauya lokacin buɗewar bawul, wato 'yan ƙofofin da ke shigar da iska da fitar da hayaƙi a injin. In aka matsar fiye da kima, sai bawul da fistin su yi karo.

Angelina, matar marigayin, ta kira Jabez a waya. "Ko sau ɗaya ne, ina so in ji ƙarar abin nan da ya cinye mini Asabar ɗin mijina."

Jabez ya hau jirgin ƙasa ya zo. Ya ɗaura faifan, ya matsar da shi yadda lissafinsa ya nuna, ya ɗaure notocin.

Malam Halliru ya leƙo. "Injiniya, ka mayar da shi zero tukuna, wato saitinsa na asali. Ka sa sifana ka juya injin sau biyu da hannu. In akwai inda yake taɓawa, hannunka zai ji kafin ƙarfe ya ji."

"Baba, with respect, na gama calculation tun a train. Aikina ke nan."

Kun san mutanenmu in digiri ya hau kai. Amma kada in zalunce shi, ba girman kai ne kaɗai ba. Rigar aikin yayansa na rataye a bango, shi kuwa so yake ya gama ya bar wurin.

Angelina na tsaye a bakin ƙofa, ta kunna wayarta tana ɗaukar sauti. Jabez ya murɗa makulli. Injin ya kama, ya yi ƙara mai daɗi, sai ƙas-ƙas-ƙas, ya mutu.

Da suka buɗe, bawul huɗu sun lanƙwashe, fistin ɗaya ya tsage.

Jabez ya tsaya yana kallo. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. "Zai gyaru?"

"Zai gyaru," in ji Malam Halliru. "Amma sai an warware shi duka an sake haɗawa. In ya tashi, aikin hannuna za ta ji, ɗana, ba na Bartholomew ba."

Angelina ta dubi wayarta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba.

"Sakan uku na samu," ta ce. "Ya isa. Ku bar shi haka."

Darasi: Ilimin takarda ba ya hana ka sauraron wanda ya tsufa a kan aiki. Haƙurin minti biyu kan tsare abin da ba a sake samu. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na gab da murɗa makullinsa.