Ƙyallayen Dela

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu zaman tabarma."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

To ku matso. Ke Lantana, sauke ƙafarki daga kan zanena, ba shimfiɗa ba ne.

Wata mata ce a wani gari, sunanta Dela. Dela ta iya allura. In ta haɗa ƙyalle da ƙyalle, sai ka duba ka sake dubawa ba ka ga inda zare ya bi ba. Uwarta, Inna Yalwa, a gidan Dela take zaune tun da mijinta Barau masaƙi ya rasu. Tsufa ya kama Inna, ko da bazara ɗari take ji.

Ran nan sai Inna ta kira Dela, ta kwance wani ƙulli. Sai ga guntun saƙi, bai wuce kamu ɗaya ba, mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabuwa.

Ta ce, "Wannan ne ƙarshen abin da babanki ya saƙa. Ban da shi ba ni da komai nasa. Ki haɗa min mayafin rufa, ki sa shi a tsakiya, daidai inda zai kwanta min a ƙirji."

Dela ta ce, "An gama, Inna. Amma saƙar Baba ba za ta zauna cikin tarkace ba. Bari in tara ƙyallayen da suka dace da ita."

Sai ta shiga tari. In an yi suna, ta roƙi ragowar ɗinkin mai jego. In an yi biki, ta bi tela ta tsince abin da almakashi ya zubar. Atamfa, shadda, rinin shuni, duk ta ninke ta jera a adudu, saƙin Baba a tsakiya.

Shekara ta zagayo. Sai Inna ta ce, "Dela, ina mayafina?"

Sai Dela ta buɗe adudu. Ashe ɓera ya riga ta, ya gwaguye ƙyalle huɗu. Allah ya taimaka bai kai ga saƙin ba.

Inna ta ce, "Ɗinka da abin da ke nan."

"Haba Inna, ko ja mai kyau babu a ciki."

"To in ajiya za ki yi, ki yi ta da hanya. Duk ƙarshen damina ki fito da su, ki warware, ki baza a inuwa su sha iska. Ki sauya musu ninki, don tufa a bakin ninki take mutuwa. Ki zuba busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu."

Dela ta ce, "To, Inna."

Amma irin "to" ɗin nan ne naku, da kuke yi min in na ce ku wanke hannu. Dela ta san in ta baza kayan nan a tsakar gida, maƙwabta za su cika gidan. Wannan ta ce, "Sam min in yi wa yarinya faci," waccan ta ce, "Ba ni in yi bakin hula." Ita ba ta iya hanawa, kuma ba ta son bayarwa. Sai ta sayo akwatin ƙarfe, ta kwashe ƙyallayen ta zuba, ta datse da kwaɗo, ta tura ƙarƙashin gado.

Shekara biyu suka wuce. Idon Inna ya fara hazo. Sai ta ce, "Dela, ina mayafina?"

Sai Dela ta jawo akwati. Ashe danshin ƙasa ya cinye gindinsa, tsatsa ta yi wa ƙyallayen ƙasa jan tambari. Nan ma saƙin ya tsira.

Inna ta ce, "Ɗinka, 'yar nan, tun ina rabe fari da baƙi."

"Saura kaɗan, Inna. Ruwan ɗorawa kawai nake nema na gefe."

"Kin shanya su kuwa?"

"Zan shanya."

A tsakiyar marka ake, ruwa ba dare ba rana. Sai Dela ta wanke kayan duka don ta fid da tsatsa, ta rataye su a igiya cikin ɗaki, kada a gani. Kwana uku rana ba ta leƙo ba. Ta taɓa, ta ji kamar sun bushe. Kamar, na ce muku.

Sai ta tuna yadda maigidanta yake ajiye irin shuka. A tukunya yake zubawa, ya kife kasko, ya yaɓe bakin da laka, ko tururuwa ba ta shiga. Sai Dela ta ce a ranta, abin da ya tsare gero ai zai tsare tufa. Ta samo babbar tukunya, ta danna ƙyallayen, ta kife, ta yaɓe. Ta koma gefe tana yaba wayonta. Ba ɓera, ba tsatsa, ba maroƙa.

Shekara huɗu tukunyar nan tana kusurwa. Dela tana ta tara sababbi a ƙullin zane, tana cewa in sun cika za ta fasa laka sau ɗaya ta zauna ɗinki.

Idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Ciwo kuma ya kwantar da ita. Sai wata safiya ta ce, "Dela."

"Na'am, Inna. Mayafin ko? Wallahi wannan watan..."

"Na bar zancen mayafi. Kawo min saƙin babanki kawai, in riƙe a hannuna."

Sai Dela ta ɗauko taɓarya ta fasa lakar. Wari ya buge ta har ta ja da baya. Funfuna ta rufe kayan. Shuni ya zuba a kan fari, komai ya manne ya zama curi ɗaya. Ta ɗaga na sama, ya rabe a bakin ninki. Ta ɗaga na biyu, ya biyo yatsunta. Ta tona har tsakiya. Ta kama saƙin Baba a hankali, sai ya narke mata kamar ruɓaɓɓen ganye.

Sai ta yafa gyale ta ruga kasuwa. Ta sayi saƙi kamu ɗaya wajen wani masaƙi. Ta wanke, ta buga, ta murje shi har ya yi laushi. Ta zo ta durƙusa, ta sa wa Inna a hannu.

Inna ta shafa. Ta bi gefensa da ɗan yatsa, daga wannan baki zuwa wancan. Shekara arba'in tana kaɗa wa Barau zare, ku sani.

Sai ta ce, "Saƙa mai kyau. Ta wa ce?"

Dela ta fashe da kuka. Ta faɗa mata komai, har wankin marka, har lakar.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma, da ya fi sauƙi. Sai ta ce, "Kawo min abin da ya rage."

Dela ta kwaso a faifai. Inna ta cusa yatsunta, ta ɗebo, ta kai hanci. Ta sunsuna.

Ta ce, "Ba ya nan." Sai ta ture faifan, ta juya fuska bango.

Kwana tara bayan nan Inna Yalwa ta cika. Ni dai duk sanda na kawo nan sai zuciyata ta karye, don Dela ba muguwa ba ce. Son abin ya yi kyau ne ya yi mata yawa, ga hannu a dunƙule. Aikin da bai fi mata mako biyu ba, shekara bakwai tana shirinsa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ke nan. Abin da kuka ajiye ku riƙa buɗe shi yana shan iska. In kuma tsoho ya roƙe ku abu, ku yi masa da abin da ke hannunku, tun yana nan.