Call Off: Kalmar da Ta Ci Akuyar Delu

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Tabla, ana ce mata Tambara. Shekara goma sha tara ta yi a Kumasi tana sayar da albasa, a bakin kasuwa ta tsinci Ingilishinta. Ko baƙi ɗaya ba ta iya rubutawa, amma kunnenta ba ya kuskure.

Wata rana wata ƙungiyar agaji ta zo maganar haƙa musu rijiya, baƙin kuwa Ingilishi kawai suke ji. Tambara ta miƙe a gaban maigari ta ce za ta yi tafinta. Sai Naziru, wanda ya gama lise, wato sakandare, a Filinge yana ji da kansa kamar shi ya ƙirƙiro boko, ya tuntsire da dariya.

"Inna, wanga ba cinikin albasa ba ne. Zamna ki huta, ki bar ma waɗanda sunka yi karatun boko a lakwal."

Fili ya ɗauki dariya. Tambara ta zauna, ta rantse sai ta ga ranar da za a yi wa Naziru dariya a wannan filin. Wata biyu ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Ana saura kwana uku baƙin su dawo, saƙo ya shigo wayar Naziru. Ya tara mutane ya karanta da ƙarfi, yana gyara murya: "We have called off Thursday's visit."

"Call, kira ke nan," in ji shi. "Sun kira taron Alhamis. A shirya."

Tambara ta ji wannan ɗan off ɗin da ya tsallake. Ta san an fasa zuwan ne. Ta ja bakinta ta tsuke, wani daɗi ya ratsa ta har ƙafa.

Ran Laraba ta ga ƙanwarta Delu tana jan akuyarta zuwa wurin mahauci. Akuyar nan kaɗai Delu ke da ita, nononta 'ya'yan Delu ke sha.

"Yaya, masu kawo muna ruwa ba su cin tuwo gaya," Delu ta ce tana murmushi.

Maganar ta zo wa Tambara har leɓe. Amma in Delu ta ji, gari ya ji, Naziru ya tsira ke nan. Ta haɗiye abarta.

Alhamis aka shimfiɗa tabarmi, makaɗa suka zo, tukwane suka hau wuta. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, ko ƙarar mota babu. Naziru sai gumi yake yana ɗaga waya sama. Nan Tambara ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane a tsanake, ta kira Naziru da mushe, laƙabin malaman boko a Faransanci.

"Mushe, sake karanta muna."

Ya sake karantawa.

"To ku jiya. Call shi kaɗai kira ne. In anka liƙa mai off, an hwasa ke nan. Wani malami da ke sayen albasata ya ce asalinta daga maharba ne: kare ya kama abu, a kira shi ya saki. Biki, taro, tahiya, duk abin da anka janye, call off a kan ce. Wanga karatu na kasuwar albasa ne, mushe."

Dariyar da aka yi ta ninka waccan. Maigari ya ce daga yau Tambara ce tafinta, Naziru ya sulale ta bayan rumbuna. Ta samu abin da ta rantse a kai, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta ji daɗinsa.

Tana juyowa ta ga Delu tsaye, fatar akuya a hannu. Ita ba ta yi dariya ba.

"Yaya, tun yaushe kinka sani?"

"Tun Litinin."

Delu ta ɗaga fatar ta nuna mata.

"Kin ce kalmar ta kiran kare ce ya saki abin da ya kama. Naki karen hwa? Kin gan shi riƙe da akuyata, don mi ba ki kira shi ba?"

Darasi: Kada ka raina wanda bai yi makaranta ba, wataƙila kalmar da za ta kayar da kai tana kunnensa. Kai kuma da aka raina, ka iya janye fushinka kafin ya ciji naka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana kiwon gaba a zuciya.